Magogin Goron Baba Illo

A ɗakin maza na wani asibiti da ke hayin kogi a Yamai, an daɗe da raba aiki ba tare da kowa ya zauna ya raba ba. Allura da ƙarin ruwa da awon tansiyo, wato hawan jini, na ma'aikatan jinya ne. Wanka da wanki da abinci da fitar da fo na dangi ne, waɗanda ke shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwan bedi da ke tsakar asibitin, da kulolinsu da butocinsu. Bakin maras lafiya kuwa ya faɗa tsakani. Ma'aikaci na ganin aikin dangi ne, tunda ba da allura ake yin sa ba. Dangi na ganin ba hurumin kowa ba ne, don wa zai buɗe bakin babba ya leƙa?

Zalika Mumuni ce ta tsinci wannan aiki a ƙasa ta ɗauka, kuma ta fi shekara ashirin tana riƙe da shi. Abokan aikinta na kiranta Madam Aswaki, ba don yabo ba. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin tafin hannu, ta ba hamsin baya. Kullum tana tafe da wani tsohon gwangwanin madara a aljihun farar rigarta. A ciki akwai 'yan katakan danne harshe, da kompres, wato farin ƙyallen goge ciwo, da buroshi mai laushi irin na yara, da garin bikarbonat mai kama da farar kanwa, da ɗan curin man kaɗe, da aswakin da ta daddaka bakinsa har ya yi taushi kamar auduga.

A Lamorde aka haife ta. Mahaifinta mai kwalekwale ne, uwarta na sayar da dambu da kopto, kwaɗon zogale, a bakin hanyar jami'a. Zabarmanci ake yi a gidansu. Hausa kuwa a gefen tiren uwarta ta tsince ta, a bakin direbobi da teloli da masu shayi, shi ya sa har yau Hausarta ta kasuwa ce, ba ta da kwana-kwana. Da ta gama makarantar jinya aka tura ta wani ƙaramin gidan likita a ƙauye. A can ne aka kawo mata wani tsoho makiyayi a kan amalanke, ba ya cikin hayyacinsa, baki a sake. 'Ya'yansa sun yi masa wanka, sun shafe shi da mai, sun sa masa riga mai tsabta. Da ta juya shi ta ɗaga leɓensa, tsutsa ta gani tana motsi a dasashinsa, ƙuda ya riga kowa leƙawa. Ba ta cika ba da wannan labari ba, kuma idan ta bayar ba ta ƙara masa gishiri. Tun daga ranar dai, gadon da ta tsaya a kansa, baki take fara dubawa.

Dalilinta ba ɓoyayye ba ne, a makaranta ma an koya musu. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, sau da yawa haɗiya na ƙwace masa. Abin da ya kwana a bakinsa yakan ruɓe, miyau ya kwashe shi ya gangara ta hanyar numfashi maimakon hanyar abinci, ya sauka a huhu. Daga nan sai zazzaɓi, sai tari maras ƙarfi, sai numfashi ya fara kurari. Dangi su ce ciwon ne ya tashi. Likitoci sun san haka, majo mai kula da ɗakin ya san haka. Sani ɗaya, samun hannun da zai yi ɗaya.

Waɗanda suka yi aji da ita da yawa sun shiga proje na ƙungiyoyin agaji, suna yawo a fararen motoci masu sanyi. Ita tana nan. Kowace safiya daga Banifandu take kama bas ɗin faba-faba, ta sauya mota, ta haye gada. Idan ta koma gida, sai ta cuɗa hannu da lemun tsami kafin 'yarta Halimatu ta yarda su ci a kwano ɗaya. Mijinta, tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, yakan ce da ita, "Mutane na neman a ɗaga su sama, ke kina neman ki shiga bakin mutane." Takan yi dariya, wani lokaci kuma ba ta yi.

Cikin tsakiyar zafin bazara aka kawo Baba Illo. Bagobiri ne daga wajen Tibiri, zanen fuskarsa ya taso daga gefen baki har kunne. Ya yi shekaru yana jan kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Kwatano, da ƙarfi ya ja baya ya koma taksi a cikin gari. Ya idar da sallar la'asar a gefen motarsa, ya yunƙura zai tashi, hannun dama da ƙafar dama suka ƙi. Aka kwantar da shi a gadon da ke jikin taga, aka zura masa siririn tiyo ta hanci har ciki, don ta nan za a riƙa ba shi abinci. Likita ya faɗa da Faransanci, aka fassara da Hausa: kada a sa masa komi a baki, ko ruwa.

Matarsa Zuwera ce ke jinyarsa. Ƙaramar mace ce mai tsabta, ba ta zama wuri ɗaya. Gadon Illo ya fi kowane gado a ɗakin haske. Zanen gado daga gida ta kawo, hularsa a wanke, farcensa a yanke, ƙanshin turaren wuta na tashi daga rigarsa. Da Zalika ta dawo daga hutunta ta iske shi, sai da ta yaba a ranta. Amma da ta sunkuya kusa da fuskarsa, wani wari ya ratso turaren, irin wanda hancinta ya sani.

Ta dubi zanen fuskarsa, ta ajiye gwangwaninta a gefen gado.

"Af, Bagobiri ne ashe," in ji ta da ƙarfi, yadda duk ɗakin zai ji. "Yau Allah ya kawo mini bawana har gida. Kai, Bagobiri, ka gaida uwargijiyarka."

Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Bazabarme zai zagi Bagobiri tsakiyar kasuwa, ya ƙwace masa hula, kowa ya yi dariya, ba mai fushi. Zalika ta daɗe da gano cewa wannan wasa mabuɗi ne. Dattijon da ba zai buɗe wa ɗiyar cikinsa baki ba, yakan buɗe wa abokiyar wasa, don a wajenta ba shi da girman da zai zube. Idan maras lafiya ba abokin wasanta ba ne, sai ta yi ta lallashi. Idan Bagobiri ne, aiki ya zo da sauƙi.

Idon Illo na hagu ya motsa, gefen bakinsa mai rai ya ɗan ja. Ta juya shi ya kwanta a kan ɓarinsa, ta sa tawul ƙarƙashin kumatunsa, ta sa safar hannu, ta naɗe kompres a katako. Harshensa ya yi fari fat, ya bushe ya tsattsage. A cikin kuncinsa na dama, wanda ba ya ji, ta iske wani jan abu ya taru ya dunƙule kamar laka. Ta kwaso shi a hankali, ta kai wa haske.

"Inna, mene ne wannan?"

Zuwera ta sunkuyar da kai. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da magogi: murfin gwangwanin sardin ne da aka huhhuda da ƙusa, ya yi baƙi don daɗewa. Tun da turamen haƙoran Illo suka zube, a kansa take goga masa goro ya zama gari, ta zuba masa a tafin hannu.

"Ɗan kaɗan ne, ɗiyata," ta ce. "Ba abinci ba ne. Likita abinci da ruwa ya hana. Mutumin da tun yana yaron mota bai taɓa wuni ba goro ba, in bar shi haka baki ba ɗanɗano?"

Zalika ba ta yi mata faɗa ba. Ta zauna a bakin gado ta yi mata bayani, da hannu tana nuna maƙogwaronta: nan hanya biyu ce, ɗaya ta tuwo, ɗaya ta iska, kuma mai gadin da ke rufe ta iska ya yi barci. Duk abin da aka sa a bakin nan, huhu zai tafi. Ta ce mata haɗiya takan dawo wa mutane da yawa idan aka yi haƙuri. Abin da ake so kawai, bakin ya zauna wayam kuma da tsabta har ta dawo.

"Idan kin bar mini bakin nan, Inna, ina sa ran da yardar Allah zai fita ta ƙofar can a zaune, ba a kwance ba. Idan goro ya ci gaba, huhu zai kama. Shi ke nan abin da na sani. Ki ba ni magogin ajiya."

Zuwera ta jujjuya shi a hannu kamar wadda aka ce ta ba da ɗanta riƙo. Daga baya ta miƙa. Zalika ta jefa shi cikin gwangwaninta.

Daga nan aiki ya kama hanya. Da safe kafin zagayen likita, da kuma bayan azahar kafin ta tashi, takan zo gadon taga. Ta jiƙa kompres da ruwan da aka tafasa aka sa bikarbonat, ta bi dasashi, ta bi ganɗa, ta bi cikin kumatu, ta goge harshe daga ciki zuwa waje. 'Yan haƙoran gaba da suka rage ta bi su da aswakinta mai taushi, ta tsane ruwan tas don kada ɗigo ya wuce, ta shafa man kaɗe a leɓe. Duk tana yi tana zaginsa.

"Buɗe, Bagobiri. Ku da kuka iya buɗe baki a kan tuwon mutane. Dubi haƙora, kamar tsohuwar katangar Tibiri."

Marasa lafiyar sauran gadaje sukan jira wannan lokaci kamar shirin rediyo. Farin da ke harshen ya fara ja da baya, tsagar leɓe ta rufe, warin ya tafi. Zazzaɓi bai zo ba. Wata safiya, tana tsakiyar shafa masa man kaɗe, Illo ya tattara ƙarfinsa, harshe na karkacewa, ya ce, "Ba...zabar...ma. Ɓa...rauniya."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Zuwera ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya. Ita ce kalmarsa ta farko tun faɗuwarsa. Ta biyu ba ta ba Zalika dariya ba.

"Goro," in ji shi.

"Ka ci gidanku," ta ce. "Ranar da ka haɗiye mini ruwa cokali guda ba ka ƙware ba, ni da kaina zan sayo maka fari, babba, na goga maka. Kafin nan ko ƙanshinsa."

Likita ya gwada shi da ɗigon ruwa, Illo ya ƙware har idonsa ya yi ja. Likitan ya ce da saura, amma alamu na da kyau, a ci gaba da abin da ake yi.

Babban ɗan Illo, Isma'ila, ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati a Plato. Yaro ne mai kula da iyaye, ba wanda zai ce ba haka ba. Duk takardar magani da aka rubuta, kafin la'asar ya kawo. Da yamma yake zuwa, bayan Zalika ta tashi, saboda haka bai taɓa ganin aikinta ba, sakamakonsa kawai yake gani. Ranar wata Juma'a sai ya zo da rana, bayan an sauko daga masallaci, tare da shugabansa na wurin aiki da wasu abokan aiki cikin manyan shaddodi, sun zo dubiya.

Abin da suka iske shi ne dattijo kwance a kan ɓari, ba hula, miyau na bin tawul, mace ta zura yatsu a bakinsa tana cewa, "Ɗaga harshen, ƙazamin Bagobiri, bawan Zabarmawa." Baƙin suka tsaya a bakin ƙofa. Ɗayansu ya yi murmushi, don ya gane wasan. Shugaban ya kawar da kai ya dubi silin. Isma'ila kuwa fuskarsa ta canza.

"Madam, me ke nan?"

"Wankin baki ne, ɗana. Ku ba ni ɗan lokaci na gama."

"Ni ba ɗanki ba ne. Kuma wannan da kike gani ubana ne."

"Na sani. Abokin wasana ne kuma."

"Wasa a gidan suna ake yin shi, ba a kan gadon ciwo ba. Mutum ba ya iya ramawa kina zaginsa gaban jama'a? Cire hannunki."

Illo ya yi ƙoƙarin magana, abin da ya fito gurnani ne da miyau. Isma'ila ya ɗauka kukan wulaƙanci ne. Wataƙila ma ramuwar zagin ce ta maƙale, ba wanda ya sani. Zalika ta tsane bakin, don ba a barin sa da ruwa, ta shafa man kaɗe, ta mayar masa da hularsa, ta fita. Wannan 'yar daƙiƙa da ta ƙara bayan an ce ta cire hannu, ita ce Isma'ila ya fi riƙewa a ransa.

Majo Abdulkarim, shugaban ma'aikatan ɗakin, mutum ne mai gudun fitina, saura kaɗan ya yi ritaya. Ya kira ta ofishinsa da safiyar Litinin, fanka na kaɗa iska mai zafi.

"Zalika, an yi waya daga sama. Ban ce kin yi laifi ba."

"To me ka ce, Majo?"

"Na ce ɗakin rigakafi na neman hannu. Ki je can ki huta, har ƙura ta lafa."

"Wa zai yi bakin gadon taga?"

"Fa'iza na nan."

"Fa'iza ita kaɗai ce da ɗaki guda. Ko allura ba ta gamawa kan lokaci."

Majo ya buɗe tafukan hannunsa. "Ke ma kin sani, ba wanda aka taɓa kai ƙara don bai wanke baki ba. Ke da kika wanke, ga shi an kawo taki. Ɗan ya ce kada ki ƙara taɓa uban. Haƙƙinsa ne."

"Uban fa, an tambaye shi?"

"Da wane bakin zai amsa?" in ji Majo. Da ya ji abin da ya faɗa, sai ya kama gyaran takardun gabansa.

Kafin ta ƙetare tsakar asibiti zuwa sabon wurinta, ta nemi Zuwera a ƙarƙashin bedi, tana wanke kwanoni. Ta tsuguna gabanta, ta fito da katako da kompres da ƙullin bikarbonat.

"Inna, aikin ya dawo hannunki. Ba wuya. Ki juya shi, ki naɗe wannan, ki bi nan da nan. Zo in nuna miki a bakina."

Zuwera ta janye hannunta kamar an miƙo mata garwashi.

"Ɗiyata, tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kama sunansa ba. Ko cin abinci ban taɓa yi gabansa ba. Yau in tura yatsa bakinsa? Da wane ido zai dube ni?"

"Da idon mai rai, Inna."

"Ke abokiyar wasansa ce, ya yi miki kyau. Ni matarsa ce."

"To ki gaya wa ɗanki ya bar ni."

"Wannan," in ji Zuwera, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, "idan ya yi magana ya gama. Halin ubansa ne."

"To abu ɗaya. Ko ba ki wanke ba, kada ki sa komi. Ki yi mini alkawari."

Zuwera ta ce in Allah ya yarda. Zalika ta daɗe a asibiti, ta san bambancin wannan amsa da alkawari.

Fa'iza yarinya ce mai kirki, ta karɓi kayan ta ce za ta yi. Ta yi a rana ta farko. Rana ta biyu aka kawo mutanen haɗarin mota, ba ta zauna ba har ta tashi. Bayan haka ta yi idan ta tuna, ta tuna idan ta samu sarari, sarari kuwa ba ya zuwa ɗakin maza. Isma'ila ya ɗora wani ƙanen Illo a bakin gado, dattijo mai carbi, da umarnin kada doguwar nan ta matso. Zalika ta zo sau ɗaya a lokacin hutunta, dattijon ya tare ta da sallama mai kyau da murmushi, bai kuma matsa daga hanya ba. Daga inda take tsaye ta hango leɓen Illo ya sake tsagewa. Ya gan ta. Ya ɗaga hannun hagu ya yi mata daƙƙuwa, irin ta abokan wasa. Ta rama. Iyakar abin da aka bar musu ke nan.

Ɗakin rigakafi na kallon tagar ɗakin maza, tsakar asibiti ce kawai tsakaninsu. Daga kujerarta tana ganin bayan Zuwera. Wata hantsi ta ga kafaɗar tsohuwar na motsi gaba da baya, gaba da baya, hannu a ɓoye cikin cinya. Zalika ta san wannan motsi. Ta taɓa aljihunta, magogin na nan cikin gwangwani. Amma sardin ba ya wuya a Yamai, ƙusa ma haka.

Ta aika wa Fa'iza, Fa'iza ta duba ta kwashe abin da ta gani, ta yi faɗa. Zalika ta gaya wa likita a kan hanya, likita ya tsaya a gadon ya maimaita dokarsa da babbar murya, kowa ya ce to. Ta sami Majo, ya ce zai yi wa ɗan magana. Duk an yi abin da ake yi. Goro kuwa ɗan kaɗan ne, kuma da an juya baya ake sa shi, don Illo yanzu ya iya kiran sunansa sarai, yana kallon matarsa yana kira.

Zazzaɓin ya zo kamar yadda ya saba zuwa. Aka sa masa ƙarin ruwa da allurai masu ƙarfi, Isma'ila ya zagaye farmasin gari ya kawo duk abin da aka rubuta. Numfashin ya fara kurari, har daga ƙofa ana ji. Maganar da ta fara dawowa ta koma. Aka kawo tulun iska aka sa masa. Ranar wata Laraba da hantsi, Zalika na riƙe da cinyar wani jariri za ta yi masa allura, ta ji salati ya tashi daga tagar can. Ta gama allurar, ta danna auduga, ta ce da uwar ta dawo wata mai zuwa. Aka fitar da Baba Illo ta ƙofar da ta nuna wa matarsa, a kwance, an rufe shi da zanen gadon da aka kawo daga gida.

Likita ya ce ciwon huhu ne. Dangi suka ce ciwon ne ya tashi. A wurin zaman makoki, an ce, wani ya kawo zancen ma'aikaciyar da ta riƙa tura wa marigayi katako a maƙogwaro, wa ya sani ko ita ta ji masa ciwo a ciki. Isma'ila ya ce a bar zancen, ya yafe mata.

Bayan an share makoki Zuwera ta zo asibiti cikin kayan takaba, da rakiyar wata ƙanwarta, karɓar wasu kwanoni da ta bari. Ta leƙo ɗakin rigakafi, ta tsaya a bakin ƙofa har layi ya ragu.

"Ɗiyata, na zo mu yi bankwana. Kin yi ƙoƙari, Allah ya biya ki."

"Allah ya jiƙansa, Inna. Ya ba ku haƙuri."

"Amin." Ta matso kusa. "Na ba shi. Kin sani ai."

"Na sani."

"Roƙona ya yi. Mutumin da bai taɓa roƙona komi ba, umarni kawai yake bayarwa, ya dube ni ya ce don Allah. In hana shi?" Ta share ido da bakin mayafi. "Na gode wa Allah dai bai tafi da kwaɗayinsa ba. Kwana ne ya ƙare. Ko an ba shi ko ba a ba shi ba, ranar ba ta wucewa."

Zalika na da amsa. Ta ga masu irin ciwonsa da suka fi shi tsufa sun fita a kan keken guragu suna zagin direban taksi. Amma ba a jayayya da mai takaba a kan kwana, kuma amsar ba za ta ta da kowa ba. Ta buɗe gwangwaninta, ta ciro tsohon magogin, ta miƙa mata.

"Ajiyarki."

Zuwera ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina shi, ta ƙulle a bakin zane, ta tafi.

Ƙurar da Majo ya ce za ta lafa ta lafa, amma ba a mayar da Zalika ɗakin maza ba. An ce ta iya da jarirai, iyaye mata na yabonta, ba a taɓa kawo ƙararta ba. Majo ya yi ritaya, wanda ya gaje shi bai san zancen ba. Gwangwanin na nan a aljihunta, man kaɗen ciki ya narke ya daskare ya sake narkewa. Aikinta yanzu ta matse kumatun jariri, ta ɗiga masa maganin shan inna, bakin da ba haƙori, ba wari, ba girman da za a kare.

An sa wani a gadon taga, wani tela daga Bukoki, shi ma da tiyo a hanci. Ɗiyarsa na zaune kusa da kansa da kofin kunu a lulluɓe cikin mayafi, da ƙaramin cokali, tana duban ƙofa ko ma'aikaciya ta wuce. Zalika ta miƙe tsaye, har ta kai bakin ƙofarta. Matan da ke layi suka ɗago suna kallonta, jarirai na kuka a bayansu, zafi na dukan kwanon rufi.

"Madam, tun safe muke nan," in ji ta gaba.

Ta koma ta zauna.

"Kawo shi," ta ce. "Buɗe mini bakinsa."